Kanwa a zobon buɗa-baki

Azumi ya zo, sukari ya yi tashin gwauron zabo, ga surukata Hajiya ta iso Jos daga Bauchi tare da ƙannenta mata, a gidanmu na Anguwar Rogo za su sha ruwa. Uwargida ta dafa zobo cike da babbar tukunya, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ta tace. Za ta fita kai markaɗen ƙosai sai ta ce, "Baban yara, in ya huce ka juye sukarin nan duka, wannan zobon akwai tsami."

Duka? Na ɗaga ledar, na tuna kuɗin da na ƙirga a Taminus, sai ilimina ya motsa. Ni fa ajin kimiyya na yi a sakandare. Sukari ba ya kashe tsami, harshe kawai yake yaudara, asid ɗin yana nan daram. Maganin asid shi ne bes. Malaminmu na kemistiri har rerawa yake sa mu yi kamar karatun allo: asid da bes, gishiri da ruwa. Ma'aunin pH kuwa daga 0 yake zuwa 14, ruwa zalla yana kan 7. Ƙasa da 7 nan ne unguwar masu tsami, lemon tsami yana wajen 2, zobo maƙwabcinsa ne. Sama da 7 sai su toka, sabulu da kanwa. Aikina ƙarami ne: in ɗan tura zobon sama, rabin sukari ya tsira.

Ga kanwa ungurnu nan a kwalba kusa da daddawa. Na ɗauki dunƙule cike da tafin hannu, na daka, na jiƙa da ruwan ɗumi. Mai azumi ba ya ɗanɗane sai da larura, mai ilimi kuwa ina ruwansa da larura? Na tuttula.

Tukunya ta ce shuuu, kumfa ya taso ya malalo har kan murhu. Ban razana ba, murmushi ma na yi. Kanwa ai kabonet ce, in ta gamu da asid dole ta saki iskar kabon dayoksaid, wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Komai yana tafiya yadda littafi ya ce.

Da kumfar ta lafa ne na ga abin da ya sa gwiwata ta yi sanyi. Jan nan mai kyau ya tafi. Zobo ya koma shuɗi-shuɗi, ina juyawa da ludayi yana ƙara duhu, gefen tukunya har kore-kore yake yi.

'Yata ta aji huɗu ta leƙo. "Abba, rini kake yi?" Ta matso ta kalla, ta ƙyalƙyale da dariya. "Ai launin zobo aikin takardar litmus yake yi. Sinadarin launin, antosayanin ne sunansa, a asid ja, a bes shuɗi. Abba, ka wuce 7!" Kuɗin makarantar da nake biya kenan, a kaina ake gwada shi.

Wanda ya san hanyar zuwa ai ya san ta dawowa. Na aiki ƙaninta wajen mai kayan miya na bakin titi ya kwaso lemon tsami. Muna matsawa tukunya tana huci, har ja ya dawo, ko da yake ja ne mai alamar ya sha jinya. Na juye sukarin duka, na goge murhu, na gargaɗi yaran su kama bakinsu. Abu guda ne ban sa a lissafi ba, alhali da bakina na rera shi: gishiri. Duk asid ɗin da na kashe, da na zobo da na lemo, gishiri ya zama, yana kwance a cikin tukunya yana jiran magariba.

Aka kira salla, aka ci dabino. Hajiya ta kurɓa, ta ajiye kofi a hankali, ta dubi 'yarta. "Ke, zobo kika dafa ko jiƙo?" Uwargida ta kurɓa ita ma, ta juyo ta zuba mini ido. Na gyara murya na fara bayanin asid da bes cikin ladabi, kaina a ƙasa. Hajiya ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Malam, mu ma muna sa kanwa a yakuwa ta kashe tsami, amma ɗan tsunkule ne. Ku a bokon ba a koya muku awo ba?"

Gwaggo ce kaɗai ta shanye nata, ta miƙo kofi a ƙara. Ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta ce tun farkon azumi ƙwannafi ke damunta, yau ne ta ji ƙirjinta ya yi sanyi, a cika mata gora ta tafi da shi Bauchi. Na buɗe baki zan bayyana cewa cikin mutum ma asid ne a ciki, uwargida ta miƙo mini makullin babur. Lemon kwalbar da na sayo wa sauran baƙin ya fi kuɗin sukarin.