Matashin da ke zaune a benci kuɗi ne da ke ƙonewa

Duk watan Yuni, da an kammala zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, magoya baya kan fara lissafin wanda zai zama tauraro nan da shekara biyar. Matsalar ita ce ƙungiya ba ta da shekara biyar ɗin. Shekara uku gare ta, kuma akasarin shawarwarin da ke lalacewa a lokacin hutun kaka suna lalacewa ne saboda an manta da wannan wa'adi.

Ɗan wasan da aka ɗauka a zagayen farko yana sa hannu kan kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadadden albashi. Shekara biyun farko tabbas ne, ta uku da ta huɗu kuwa ƙungiya ce ke da zaɓi, kuma sai ta faɗi matsayarta a ƙarshen Oktoba, shekara guda kafin lokacin. Da ya gama kaka ta uku, ƙofar tsawaita kwantiragi ta buɗe, kuma wakilinsa na iya neman har kashi 25 cikin ɗari na iyakar albashin ƙungiya, ko kashi 30 idan ya shiga jerin gwanayen gasar. A kakar 2025-26 iyakar ta kai kusan dala miliyan 154.6, wato ana maganar fiye da dala miliyan 38 a shekarar farko kaɗai. Ta yaya za a yanke hukunci kan irin wannan kuɗi idan yaron bai taɓa buga minti 25 a kowane wasa na tsawon wata biyu a jere ba?

Golden State ta ɗauki James Wiseman a matsayi na 2 a 2020, tana so ta ci kofi da tauraronta Stephen Curry, ta kuma yi renon magaji a lokaci guda. Ciwon gwiwa ya cinye masa kakar 2021-22 gaba ɗaya, ƙungiyar ta ci kofi ba tare da shi ba, sannan da ya dawo babu kocin da ke neman kambu da zai jure kurakuran tsaron ɗan koyo. Wasa 60 kacal ya buga musu kafin a tura shi Detroit a Fabrairun 2023, lokacin da darajarsa ta riga ta zube. Rauni ƙaddara ne, amma jinkirin yanke shawara zaɓi ne.

Oklahoma City ta bi wata hanyar. Ta ɗauki Josh Giddey a matsayi na 6 a 2021, ta ba shi fili kaka uku cur. A wasannin fidda gwani na 2024 Dallas ta riƙa barinsa shi kaɗai a bayan layin maki uku, tana cunkushe hanyar tauraron ƙungiyar, Shai Gilgeous-Alexander, zuwa kwando. Amsar ta fito fili: yaron gwani ne wajen raba ƙwallo, amma bai dace da tauraron da shi ma ƙwallon yake so a hannu ba. A Yunin 2024, kafin a zauna teburin sabon kwantiragi, aka musanya shi da Alex Caruso na Chicago. Bayan shekara ɗaya Oklahoma City ta doke Indiana a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe ta ɗauki kofi. Da sun ɓoye Giddey a benci, da ba su san abin da suke sayarwa ba, kuma da Chicago ba ta ga abin saye ba.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara wa lamarin zafi. Ƙungiyar da albashinta ya haura shinge na biyu, wato iyakar kashe kuɗi mafi tsanani, kusan dala miliyan 207.8 a 2025-26, ba za ta iya haɗa albashin 'yan wasa biyu don sayen babba ɗaya ba, ba za ta sa tsabar kuɗi cikin musaya ba, kuma a kan hana ta musayar zaɓenta na zagayen farko na shekara bakwai gaba. Shi ya sa Boston, shekara ɗaya bayan kofin 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis. Ƙungiyar da ke biyan taurari uku dole ta samu mutum biyu ko uku masu arha cikin takwas ɗin da koci ke dogaro da su, kuma galibi daga matasa ake samunsu.

Gasar gwajin matasa ta watan Yuli a Las Vegas ba ta amsa tambayar ko yaro ya cancanci wannan kuɗi. Maki 30 a can sun fi nuna wanda aka bar wa ƙwallo. Abin dubawa shi ne ko yana tsayawa gaban abokin hamayya, ko yana harba ƙwallo da zarar ta iso hannunsa, domin aikin da za a ba shi a Nuwamba ke nan.

Gurabe 15 ne na cikakken kwantiragi, sai uku na masu kai-komo tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta ta G League. Ta wannan ƙaramar ƙofa Lu Dort ya shigo Oklahoma City a 2019 bayan babu wanda ya zaɓe shi. Don haka kafin manaja ya ba tsohon hannu gurbi na goma sha biyu, ya fara tambayar koci mintocin wa za a rage. In na matashin da ke shiga kaka ta uku ne, gara a sayar da matashin tun a Yuli, lokacin da sauran ƙungiyoyi ke ganinsa da ƙima.