Shari'ar Yahudawa ba a Attaura kaɗai take ba

Abin yana damuna yadda ake yawan cewa duk shari'ar Yahudawa tana rubuce a Attaura, littattafai biyar da ake jinginawa ga Annabi Musa. Mai wannan zato yana da hujja, domin daga cikinta malamansu suka ƙirga dokoki 613. Sai dai zancen bai tsaya nan ba.

A aƙidarsu, abu biyu aka ba Annabi Musa a Dutsen Sina'i: rubutacciyar Attaura, da bayaninta da aka riƙa miƙawa baki da baki. Wajen shekara ta 200 Miladiyya Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara wannan bayani a littafin da ake kira Mishna, daga baya muhawarar malamai a kanta ta zama Talmud.

Dubi ranar Asabar. Attaura ta hana aiki a wannan rana, amma ba ta jera ayyukan duka ba. Mishna ce ta lissafa iri 39, har da shuka, saƙa, ƙulla igiya da rubuta haruffa biyu kacal. Shi ya sa Bayahude mai riƙo da addini ba ya taɓa biro ranar. Akwai kuma Karayawa, wasu Yahudawa 'yan tsiraru da ba su yarda da bayanin baka ba.