Gadar Luzan ba jabu ba ce, don Allah ku daina faɗa

Wai wa ya koya mana cewa duk abin da aka gyara ya tashi daga na asali? Tun jiya hoton gadar katakon nan mai rufi ta birnin Luzan a Siwizalan, wato Kapellbrücke, yake ta yawo, sai ga wani bawan Allah yana cewa wai ai ƙonewa ta yi, wannan sabuwa ce, 'yan yawon buɗe ido kawai ake yaudara. Har da masu mara masa baya. Wallahi abin ya ɓata min rai.

E, malam, ta ƙone. Daren 18 ga Agusta 1993 wuta ta cinye mafi yawanta. Amma ka tambayi abin da mutanen garin suka yi? Ba su kai wata 8 ba suka sake tayar da ita, a Afrilun 1994 aka buɗe. Da katako suka yi, a kan kogin Reuss inda take tun ƙarni na 14, da karkacewarta, da rufinta. Ba wanda ya ce tunda dama ta samu bari mu zuba kankare mu huta.

Katakon da ke tsaye cikin ruwa fiye da shekara 600, kana zaton shi ne dai na ranar farko? Ginshiƙi ya ruɓe a cire a sa wani, haka ake yi tun kaka da kakanni. Rufin ma amfaninsa ke nan, ya tare ruwan sama da ƙanƙara kada itacen ya lalace da wuri. Gidan ƙasar da ake yi wa yaɓe duk bayan damina, wa ya taɓa cewa ya daina zama gidan gado? Gyaran shi ne ya riƙe gadar har ta kawo yau.

Kuma mai yaudara ɓoye tabo yake yi. Su ba su ɓoye ba. A ƙarƙashin rufin akwai alluna masu kusurwa uku da aka zana tarihin garin a kai tun ƙarni na 17. Kafin gobarar 147 ne, 30 kacal aka iya farfaɗowa da su sosai. Wasu da suka babbake an mayar da su wurinsu baƙi ƙirin, kana tafiya kana ɗaga kai kana ganin gawayi. Wannan ne jabu?

Masu cewa kankare ba ya cin wuta, mun ji. Masu cewa kuɗin ya yi yawa, mun ji, faran miliyan 3.4 ne na kuɗin Siwizalan, kuma masu garin ba su ga asara ba. Ni ban ga abin ja-in-ja a nan ba.

Abin da ya fi ci min rai ma a gida yake. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi, ba gobara ba, ba ambaliya ba, da hannunmu. Badala kuwa kullum zaizayewa take, ana ɗibar ƙasa ana yanka filaye. Maginan da suka iya tubali da azara da makuba tsufa suke yi, yaransu sun koma buga bulo saboda nan abinci yake. In akwai wanda ya san magini a Kano ko Zariya da har yanzu yake da yara masu koyo a hannunsa, don Allah ya faɗa min unguwar, ina son in je in gan shi.