Masu gem sun yi fushi da fim ɗin The Last of Us, amma ba a inda ya dace ba

Gargaɗi tun farko: wanda bai gama kallon zango na biyu na The Last of Us ba, kuma ba ya so a ɓata masa labari, ya wuce abinsa, mu haɗu a wani rubutun. Zan faɗi wanda ya mutu, zan kuma faɗi wadda ta kashe shi.

Tun da tashar talabijin ta HBO ta fara sakin fim ɗin nan a watan Janairun 2023 ake tafka musu a kansa, kuma musun ya iso har Gusau, duk da cewa a nan in aka ce gem, ƙwallo ake nufi. Leƙa gidan gem a Tudun Wada ko Sabon Gari, yara za ka tarar bibbiyu a gaban talabijin, wannan ya ɗauki Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona, wanda aka ci ya biya. Masu zama su bi gem mai labari tun daga farko har ƙarshe ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Sai fim ɗin ya shiga wayoyin jama'a ta hannun masu turi, kwatsam waɗanda ba su taɓa riƙe hannun PS ba suka san Joel suka san Ellie. Daga nan majalisa ta rabu biyu: masu cewa ba su taɓa ganin fim mai dogon zango kamarsa ba, da mu 'yan gem da muke ta hura hanci muna cewa an lalata mana abu.

Ni ina cikin 'yan gem, amma ban yarda da yawancin ƙorafin da 'yan uwana suke yi ba. Akwai abin da aka rasa da gaske. Sai dai ba shi ake ta ihu a kai ba.

Ga wanda bai san asalin abin ba, kamfanin Naughty Dog ne ya fitar da gem ɗin a 2013 a kan PlayStation 3, na biyunsa ya fito a 2020 a kan PlayStation 4. Labarin wata annoba ce ta fumfuna mai suna Cordyceps, wadda a zahiri ƙwari take kamawa, tururuwa musamman, ta juya musu jiki yadda take so. A labarin sai ta koma kama mutane, duniya ta watse. Bayan shekara 20 aka damƙa wa Joel, ɗan fasa-ƙwauri da 'yarsa ta mutu a hannunsa daren da abin ya ɓarke, wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Ellie, da aka ciza amma ba ta kamu ba. Aikinsa ya kai ta wurin wata ƙungiya da ke fatan samo rigakafi daga jikinta. Neil Druckmann, wanda ya rubuta gem ɗin, shi ne ya haɗu da Craig Mazin suka yi fim ɗin. Wato ba baƙi ne suka sace labarin ba, da mai abu aka fara.

To me ake ƙorafi a kai? Na farko fuska. Ƙanena yana ganin Bella Ramsey, wadda ta fito a Ellie, ya ture wayar ya ce, "Yaya, wagga ba Ellie ba ta, ko kusa." Wannan magana ita ce ta cika intanet tun kafin a saki ko kashi ɗaya, kuma da zango na biyu ya zo a Afrilun 2025 aka ƙara da cewa Kaitlyn Dever, wadda ta fito a wata mai suna Abby, ba ta da damtsen Abby ta cikin gem. Ban ga abin tsayawa a nan ba. Ellie ta gem zane ce, a kwamfuta aka ƙera fuskarta, kuma ba gasar kama aka shirya ba. Na biyu, an cire ƙurar fumfunar da ke tashi a iska wadda take sa 'yan gem su ga Joel ya saka takunkumi, aka maye ta da wasu zare-zare masu fita daga baki. Aka mayar da ɓarkewar annobar daga 2013 zuwa 2003, aka ce daga wani kamfanin fulawa a Jakarta ta taso, aka ɗauke abin da ya faru a Pittsburgh aka kai Kansas City. Duk an yi, kuma babu wanda ya taɓa ƙashin labarin. Ƙurar ma sun dawo da ita a zango na biyu. Abin da zancen fulawar ya haifar a majalisarmu shi ne tsokanar mai shayi, kowa ya zo sai ya ɗaga biredi ya tambaye shi ko daga Jakarta aka kawo.

Sai kashi na uku a zango na farko, na Bill da Frank, maza biyu da aka nuna suna soyayya. Da yawa a nan sun tsallake shi, kuma kowa ya san dalili. Abu ɗaya kawai zan gyara: masu rantsuwa cewa HBO ce ta ƙirƙiro dangantakar mutanen biyu sun tona wa kansu asiri cewa ba su buga gem ɗin da idonsu a buɗe ba, domin alamun suna nan tun 2013, fim ɗin faɗaɗawa ya yi. Iyaye kuma su sani, da gem ɗin da fim ɗin babu na yara a ciki.

Yanzu ga inda nake ganin asarar take.

A ƙarshen gem na farko, Joel ya kai Ellie asibiti a Salt Lake City, sai aka gaya masa ba za a iya ciro abin da ake nema ba sai an buɗe ƙwaƙwalwarta, wato sai ta mutu. Ya ɗauki bindiga. A fim ka zauna ka kalli Pedro Pascal, wanda ya fito a Joel, yana bin hawa-hawa yana harbe mutane, kiɗa na tashi a hankali. An yi shi da kyau, ban musa ba. A gem kuwa kai ne kake tura ƙofar ɗakin tiyata. Likita yana tsaye tsakaninka da yarinyar, ya ɗaga 'yar wuƙar aikinsa, hannunsa kawai za ka kalla ka san ba mayaƙi ba ne. Za ka iya tsayawa nan har NEPA ta ɗauke wuta, gem ɗin ba zai matsa ba sai ka kashe shi. Ma'aikatan jinya biyun da ke gefe an bar maka zaɓi, ka ƙyale su ko ka bi ta kansu, amma likitan babu zaɓi. Yatsanka ne zai danna. Bambancin kamar na ragon layya ne da aka yi kiwonsa a gida: wanda aka miƙo wa soye a kwano da wanda ya danne shi ya riƙe wuƙa duk sun ci nama, amma ba abu ɗaya suka sani game da ragon ba.

Wannan ne fim ba zai iya ba, ko nawa aka kashe masa, ko wa aka ɗauko ya fito. Ɗan gem da ya ce "fim ɗin bai kai ba" gaskiya ya faɗa, sai dai da aka tambaye shi dalili ya rasa bakin bayani, ya kama hancin 'yar fim.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda waɗanda ba su san gem ɗin ba suka karɓi wannan wurin. Wani kawunmu, tsohon malamin makaranta, ya kalli kashin ƙarshe a wayar ɗansa. Ba ruwansa da wa ya yi kama da wa. Tambayarsa ɗaya ce: "An tambayi yarinyar?" Aka ce ba a tambaye ta ba, tana sume aka shige da ita. Ya ce, "To an tambayi ubanta?" Na ce, "Kawu, ai ba ubanta ba ne." Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Wanda ya ɗauko ta tun daga wata uwa duniya, ya ci da ita ya sha da ita, ya yi jinya ta yi jinyarsa, in ba uba ba minene?" Daga nan ya gangaro kan gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, wanda iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a. A wurinsa zancen ya ƙare: likitan da bai nemi izini ba ba shi da bakin cewa duniya zai ceta. A intanet an shafe shekaru ana jayayya kan ko Joel azzalumi ne ko gwarzo, Kawu ya yanke hukunci kafin shayinsa ya huce. Ban ce na yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, domin Joel ma bai tambaye ta ba, ƙarya ma ya shirga mata har da rantsuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma musun da Kawu ya tayar ya fi na damtse daraja nesa ba kusa ba.

Gem na biyu kuwa shi ne ya fi nuna abin da nake faɗa. Ni na buga shi ne a 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba. Ba kira, ba data, in kana son aika saƙo sai ka kama hanyar Funtua. Na ari na'urar wani aboki, muka riƙa haɗa kuɗin man janareto. Ba a yi nisa ba wata yarinya da ban san ta ba, Abby, ta rutsa Joel ta kashe shi da sandar golf a gaban Ellie. Ba a gaya maka dalili ba. An bar ka da zafin kawai, aka ce tashi ka bi ta, kai kuma ka tashi da gudu. Kana kashe mutanenta ɗaya bayan ɗaya, kuma masu gem ɗin sun yi wata mugunta: kowane abokin gaba da sunansa, in ka harbe ɗaya sai ka ji na kusa da shi ya ƙwala masa kira da suna. Sai da aka kai tsakiyar labari, lokacin da ƙiyayyar ta nuna, aka ƙwace maka Ellie aka miƙo maka Abby aka ce ci gaba da ita. A nan ka gane likitan nan da ka kashe da yatsanka a ɗakin tiyata mahaifinta ne. Ka zauna da mutanen da ka gama kashewa, ka ji hirarsu, ka ga ɗaya tana da ciki. Har aka kai ka inda za ka yi faɗa da Ellie, kai kana Abby. 'Yan gem da yawa sun saki hannu da gangan don a kashe ta, gem ɗin ya dawo da su ya ce sake.

Ba sai na yi wa ɗan Zamfara bayanin ramuwar gayya ba. Mun ji labarin ƙauyen da aka kai wa hari saboda wanda aka kashe a kasuwa, shi ma an kashe shi ne saboda shanun da aka kora, su ma an kora su ne saboda wani abu da ya faru kafin nan. Kowane ɓangare daga inda aka taɓa shi yake fara ƙirga. Ba ina daidaita mai laifi da marar laifi ba ne, kuma ba gem ne zai koya wa wanda ya binne ɗan uwansa komai ba. Abin da na sani shi ne, a waɗannan darare, ga ƙarar janareto ga gari shiru, gem ɗin ya sa na so jinin wata, sannan ya tilasta mini tsayawa a inda take tsaye, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Fim ɗin ya ji tsoron wannan. Zango na biyu yana buɗewa aka nuna Abby a bakin kaburbura tana alwashin kashe Joel, kuma a kashi na biyu, kafin ta gama da shi, ta tsaya ta yi masa bayanin wane ne mahaifinta. An ba mai kallo dalili tun kafin ya ji zafi. Na gane lissafinsu: ɗan gem ya riga ya sayi abinsa, dole ya ci gaba, mai kallo kuwa yana iya kashe waya ya tafi, kuma tsakanin zango da zango sai a yi shekara biyu. Amma da wannan suka sayar da abin da ya fi komai tsada a labarin. Nan ne nake so in ji 'yan gem suna ɗaga murya, sai na ji kaɗan ne suke yi.

Akwai kuma abin da ya kamata mu ji kunyarsa. A 2020, Laura Bailey, wadda ta yi muryar Abby a gem, ta fito da saƙonnin barazanar kisa da ake aiko mata, har ana ambaton ɗanta. Mace ta yi aikin da aka ɗauke ta, aikin da ya ci mata kyauta a ƙarshen shekarar, wasu suka kasa bambance ta da zanen kwamfuta. Bella Ramsey ma ta sha zagi kan halittarta. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun ga yadda ake bin 'yan Kannywood da ashar a Facebook da TikTok saboda mugun halin da suka fito da shi a fim. Wanda ya buga gem ɗin da aka gina kacokan kan inda ƙiyayya ke kai mutum, ya ajiye hannu ya je ya yi wa baiwar Allah barazana, ban san me ya buga ba.

Zango na biyu ya tsaya ne a kashi na bakwai, daidai inda labari ya juya ya koma wajen Abby, kuma na uku nata ne. Druckmann ya sanar a watan Yulin 2025 cewa ya janye daga aikin fim ɗin ya koma kan gem, ragamar ta rage a hannun Mazin. Matsalar da ke gabansa ba ƙarama ba ce. Mu an ɗaure mu da Abby ne, ba yadda za mu ga ƙarshe sai ta hannunta. Mai kallo a waya yatsa ɗaya zai sa ya ja fim ɗin gaba. Ƙanena ya riga ya ce shi ba zai ba mai turi ko sisi a kan zango na uku ba, sai in an tabbatar masa Ellie za ta kashe ta. Na san amsar, ban gaya masa ba.