Kafin a damƙa maka karen da aka tsinta a titi

Jama'a, a Ingila ba ka shiga gidan ajiye karnuka ka nuna wanda ya kwanta maka a rai ka ja shi gida. Sai ka cike takarda tukuna. Su wa ke zaune a gidan? Akwai ƙananan yara, akwai kyanwa? Gidan naka ne ko na haya, in haya ne mai gidan ya amince? Awa nawa kake yi a wurin aiki? Wasu ƙungiyoyin har wakili suke turowa ya zagaya bayan gida ya duba ko akwai kafar da kare zai bi ya sulale. 'Yan'uwanmu kan yi dariya, wai kare ne fa, ba 'yar sarki ake neman aurenta ba. Ni dai ina bayan binciken, salon wasu masu yin sa ne bai gamsar da ni ba.

Karen da ƙaramar hukuma ta tsinta, kwana 7 doka ta ce a riƙe shi ko mai shi zai ɓullo. In bai zo ba, sai a miƙa shi ga ƙungiyoyin nema wa karnuka gida irin su Battersea ta Landan, wadda ke wannan aiki tun 1860. Irin wannan kare yana zuwa da tarihinsa. Wani ya sha duka, wani ya yi watanni a ɗaure, wani da ka ɗaga tsintsiya sai ya shige ƙarƙashin tebur yana kyarma yana fitsari. Mai tausayi ya ɗauke shi ranar Asabar, bayan mako biyu an yage kujerar falo, maƙwabta sun gaji da haushin dare, sai a mayar da shi. Duk mayarwa kuwa tana ƙara masa tsoro, tana rage masu son ɗaukarsa. Tun 1978 ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust take jan kunnen mutane cewa kare ba kyautar Kirsimeti ba ce da za a yar bayan biki. An ga hakan ƙarara bayan kullen korona na 2020, da mutane suka koma ofis suka rasa yadda za su yi da 'yan kwikwiyon da suka saya.

Masu riƙon wucin gadi, wato masu riƙe kare a gidansu na ɗan lokaci kafin a samo masa gidan dindindin, ma sun fi cancantar a tantance su sosai, don su ake ba wa marasa lafiya da masu firgici, kuma daga bakinsu ake jin ainihin halin kare. A Amurka, da aka ƙwace karnukan faɗa kusan 50 daga gidan ɗan wasa Michael Vick a 2007, an gwada su ɗaya bayan ɗaya maimakon a kashe su duka, kuma da dama sun bi ta hannun masu riƙo har suka samu gidajen zama.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wasu ƙananan ƙungiyoyin sun mai da binciken awon katanga. Ba ka da lambu, an hana ka. Ka haura shekara 70, an hana ka. Tsohuwa mai fansho da ke wuni a gida a bene an sallame ta, mai faffaɗan lambu da ke fita da asuba ya dawo bayan isha an ba shi. Haba! Wanda aka kora ɗin kuma ba haƙura yake yi ba, intanet yake hawa ya sayi kwikwiyo a hannun masu kiwon neman kuɗi, duk da dokar 2020 da ta hana dillalai sayar da su. An gudu gara an faɗa zago ke nan.

Da ni ke tambayar, abin da zan so ji shi ne wa zai fita da shi ƙarfe 6 na safe cikin sanyin Janairu, da me za a biya likitan dabbobi in ya karye, kuma ina za a kai shi in an tashi daga gidan. Bayan wata guda kuma a koma gidan a ga karen da ido.