Musun iPhone da Tecno, da tambayar da ba ma yi a bakin kanta

A majalisarmu ta Tudun Wada, idan an idar da sallar isha'i mai shayi ya fara zuba, abu uku ne ke tayar da jijiyar wuya: siyasa, ƙwallo, sai waya. Na farkon biyu suna da lokacinsu, zaɓe ya wuce a huta, kakar wasa ta ƙare a sarara. Musun waya kuwa ba ya zuwa hutu. Mai iPhone zai kifa tasa a kan benci, bayanta a sama don kowa ya ƙirga idanun kyamara, ya ce shi tunda yake bai taɓa sanin waya tana daskarewa ba. Mai Tecno ko Infinix ya yi murmushi ya tambaye shi ina fawa bank, don ya san tana nan a aljihun gaban riga, igiya a maƙale kamar mara lafiyar da ake yi wa ƙarin ruwa. A yi dariya, a sake zuba shayi, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Na daɗe ina sauraron wannan musu, har ni ma ina tsoma baki, kuma na lura duk hujjojin da ake kawowa na ranar sayayya ne: kyamara, girman ma'ajiya, suna, da yadda za a kalle ka idan ka fito da ita a wurin ɗaurin aure. Ban taɓa jin wani ya tambayi yadda wayar za ta kasance bayan shekara uku ba, alhali a aljihun mutumin Kaduna na yau wannan ce tambayar da ke da nauyi.

Da can ba sai an tambaya ba. Lokacin da MTN da Econet suka buɗe layi a 2001, layin kansa ya fi ƙarfin talaka, wanda ya samu waya kuma riƙon ƙwai yake mata. Nokia 3310, da 'yar uwarta mai tocila da ta biyo baya, sai su yi kwanaki ba su ga caji ba, su faɗi daga kan babur a tsince su a mayar da batir a ci gaba da magana. Waya a lokacin kamar keke ce ko rediyo, uba ya gama da ita ya miƙa wa ɗa. Babbar waya ta zo da wani hali daban. Tana tsufa ta jiki, wato batir da gilashi da wurin caji, tana kuma tsufa ta ciki, ranar da kamfanin da ya yi ta ya daina aiko mata da sabuntawar manhajar da ke tafiyar da ita. Wannan tsufa na biyu ba a ganinsa da ido, shi ya sa ba ya shiga ciniki.

Gaskiya masu Tecno suna da abin faɗa. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, wanda shi ne mai Tecno da Infinix da itel duka, bai mamaye kasuwarmu da sa'a ba. Ya duba yadda muke rayuwa ne ya yi mana ɗinki daidai jiki. Ya ga ba mu yarda da layi ɗaya ba, don sabis na iya ɗaukewa kana tsakiyar ciniki, sai ya ba mu gurbin sim biyu. Ya ga wuta ba ta da tabbas, sai ya ƙara girman batir. Ya gyara kyamararsa yadda baƙar fata za ta fito da kyau a hoto, abin da manyan kamfanoni suka daɗe ba su damu da shi ba. Ya kuma buɗe wuraren gyara na Carlcare, kayan gyaransa suka cika kasuwa. Yau kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Duk wanda ya ga duhun watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Mando, jihohin Arewa suka kwashe kwanaki ba lantarki, ya san darajar babban batir. A makon nan masu shagon caji su ne sarakunan unguwa, janareta na kuka, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta a manne. Ban ji wanda ya yi maganar kyamara ba a wannan layin.

Su ma masu iPhone ba a banza suke cika baki ba. Apple na ci gaba da sabunta wayoyinsa shekaru masu yawa. iPhone 11 da ta fito a 2019 ta samu sabon tsarin da aka saki a 2025, shekara shida ke nan. Ƙananan wayoyin Android masu araha da yawa ba sa kusantar haka, wasu sabon tsari ɗaya suke gani a rayuwarsu, wasu da wanda suka zo da shi suke mutuwa. Matsalar ita ce iPhone ɗin da ke hannun yawancin samarinmu ba sabuwa dal a kwali ba ce. Sabuwa ta haura naira miliyan ɗaya, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne a wata, ko ma'aikaci ya yi shekara cur bai ci ba bai sha ba kuɗin ba za su kai ba. Tun da aka saki naira a 2023 dala ta yi tashin gwauron zabi, abin ya ƙara nisa. Saboda haka tokunbo muke saye, wadda wani a Ingila ko Amurka ya riga ya ci mata shekara uku ko huɗu na ƙuruciya. Shekarun da ake taƙama da su, rabi an cinye su a can.

Nan ne na ci tawa kasa. Bara waccan na shiga wani shago a cikin gari, na ɗauki tokunbo mai sheƙi, mai shagon ya buɗe mini wurin lafiyar batir na ga adadi mai faranta rai. Ya ce, "Alhaji, wannan ko wata shida ba ta yi a hannun Baturen ba." Na biya, har da godiya. Wata biyu ba a rufa ba, sai ta riƙa mutuwa tana nuna saura kashi 30. Na kai ta wurin wani yaro mai gyara da ke da ɗan tebur a gefen titin Ahmadu Bello, fitila a goshi, hantsaki a hannu, gefe guda ga ɗan injin da yake ɗumama gilashi kafin ya ɗaga. Yana buɗewa ya nuna mini gam ɗin da ba na kamfani ba, da dunƙulen batir mara suna, da kusoshi biyu da suka ɓace. Ya ce, "Baba, an taɓa shiga cikinta, kuma ba sau ɗaya ba. Lambar da aka nuna maka ɗora ta aka yi." Na koma shagon, aka ce garanti na mako ɗaya ne, kuma ai ban karɓi rasit ba. Gaskiyarsu ce ta nan wajen, ban karɓa ba.

Tun ranar nake ganin cewa alƙalin musunmu shi ne mai gyara, don shi kaɗai ke ganin waya a ranar da ta daina burge kowa. Shi ya san wadda gilashinta ke samuwa a kowace kwana, da wadda sai an aika Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja. Shi ya san cewa iPhone 14 da na bayanta da aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin sim kwata-kwata, sai layin da ake saukewa a ciki, abin da mai saye da yawa ba ya ganowa sai ya isa gida. Shi ya san wadda ta zo a kulle da asusun mai ita na farko, wadda ba ta da wani amfani sai a yi kayan gyara da ita. Apple ba shi da shagon kansa ko ɗaya a duk faɗin Afirka, sai dillalan da ya amince da su, saboda haka wannan yaro mai fitila a goshi shi ne kamfanin a wurin mutumin Rigasa ko Kawo. Kuma har yau ban ga wanda ya tafi da mai gyara wurin sayen waya ba, alhali ba wanda zai sayi tsohuwar mota bai ɗauki bakanike ba.

Wani zai ce, to idan kamfani ya daina sabuntawa mene ne, ai wayar tana kira tana karɓa. Da haka ne, kafin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura kowa transfa. Yanzu mai nama, mai kayan miya, ɗan adaidaita, kowa lambar asusu yake karanto maka, OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Waya ta zama asusun gida. Sabuntawar nan da muke dannawa "sai anjima" don tsoron cin data, mafi yawanta toshe ƙofofi ne da aka gano ɓarayi na iya bi. Wayar da aka daina toshe mata ƙofa tana nan tana aiki, amma kamar shago ne da makullinsa ya lalace mai shi bai sani ba. Bayan haka manhajoji da kansu suna juya wa tsofaffin wayoyi baya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Jikinsu garau, amma wa zai riƙe waya ba WhatsApp a garin da sanarwar rasuwa da ta suna da cinikin atamfa duk ta nan suke bi?

Bari in ɗan ratse, tunda maganar kuɗi ta shigo. Masu ƙwacen waya sun daɗe da gane cewa layin ya fi wayar tsada. Su cire sim su sa a ƙaramar waya, su nemi hanyar shiga asusu ta lambobin banki. Sa wa sim lambar sirri ba ya cin ko kwabo, minti biyu ne a wurin saiti, kuma yana aiki a Tecno kamar yadda yake aiki a iPhone. A majalisarmu mutum biyu kawai na samu sun yi.

Labarin daina sabuntawa haka yake a kwamfuta ma. Ɗaliban jami'ar jihar Kaduna (KASU) da na kwalejin fasaha ta Kadpoly tokunbo suke saye don rubuta aikin kammalawa, kuma ba laifi, HP ko Dell ta ofis da aka yi ritayarta a Turai ta fi sabuwa mai araha ƙwari. Sai dai Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta hawa kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ta kamfanin Intel ta girmi zubi na takwas. Ofisoshin can suna zubar da waɗannan, kuma mun san tashar da suke sauka.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: mai naira dubu ɗari a hannu ba shi da zaɓin wayar da Samsung ko Google suka yi wa alkawarin sabuntawa na shekara bakwai, kamar Galaxy S24 da Pixel 8. Iya kuɗinka iya shagalinka. Ban ce kowa ya sayi mai tsada ba. Cewa nake ko a cikin masu arahar akwai bambanci, wata ta fito bana, wata ta shekara biyu a kwali a ɗakin ajiya ana sayar da ita kusan kuɗi ɗaya, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin wacce ya ɗauka. Lissafin da ya dace shi ne a raba kuɗin waya da shekarun da suka rage mata, a haɗa da kuɗin canza gilashi sau ɗaya da batir sau ɗaya, don duk wanda ke hawa babur a Kaduna zai canza su. Idan aka yi wannan, wani lokaci tokunbo ce ke cin gasa, wani lokaci sabuwa mai matsakaicin farashi, kuma sau da yawa wadda ta fi sheƙi a kanta ita ce ta ƙarshe.

Ba mai saye kaɗai ke da aiki ba. Tarayyar Turai ta tilasta wa kamfanoni wurin caji iri ɗaya, har Apple ya sauya zuwa USB-C a iPhone 15 a 2023. Daga Yunin 2025 kuma ta wajabta cewa wayar da za a sayar a can sai an tanadar mata kayan gyara na shekara bakwai da sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da ita, batir kuma ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80. Mu ba mu da ƙarfin kasuwar da za mu juya Apple, amma Transsion da ire-irensa a nan suke cin abinci, Najeriya na cikin manyan kasuwanninsu. Hukumar NCC ita ke amincewa da nau'in waya kafin a shigo da ita, FCCPC kuma aikinta kare mai saye. Ban ga abin da zai hana su cewa a rubuta a jikin kwali, da manyan baƙi, shekarar da za a daina sabunta wayar ba, kamar yadda NAFDAC ta sa ake rubuta ranar lalacewar magani da madara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya su ma za su iya ɗaure mambobinsu da rasit mai ɗauke da lambar shaidar waya ta IMEI, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, da bayanin ko an taɓa canza batir ko gilashi. Ɗan kasuwa mai gaskiya ne zai fi kowa cin riba, don yanzu shi da mai ɗora lamba farashi ɗaya suke kira.

Makon jiya ƙanena ya zo da kuɗin da ya tara, zai yi musaya ya ba da ciko ya ɗauko iPhone mai idon kyamara uku. Na ce masa ban hana ba, amma mu biya ta wurin yaron nan tukuna. Yaron ya karɓi tsohuwar, ya juya ta, ya duba saiti, ya ce batir kawai take so da wanke wurin caji, ƙura ce ta harmatan ta toshe shi. Ƙanena ya tsaya yana kallon tebur, yana kallon kuɗin da ke hannunsa. An canza batirin. Amma da daddare a majalisa na hango shi ya karɓi iPhone ɗin abokinsa yana ɗaukar kansa hoto, yana juya fuska hagu da dama.