Wai me ya sa mutum ya isa ya hau bagade ya yi mana wa'azi?

'Yan'uwa, maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai bari in faɗe ta, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Kullum gardamar da muke yi ita ce wai satifiket ne ko shafewa, wasu su ce sai wanda ya je makarantar tauhidi, wasu su ce a'a Ruhu Mai Tsarki ba ya buƙatar digiri, ni kuma ina ganin duka biyun mun bar jaki muna dukan taiki.

Ku buɗe 1 Timoti 3 daga aya 1 zuwa 7 ku karanta a hankali, sannan ku haɗa da Titus 1. Manzo Bulus ya jero abubuwa sun fi goma da ake nema wurin mai kula da ikilisiya, a cikinsu ɗaya tak ne ya shafi gwaninta, wato ya iya koyarwa. Sauran duk hali ne. Mijin mace ɗaya, mai kamunkai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, wanda ya iya riƙe gidansa, kada ya zama sabon tuba don kar girman kai ya ɗebe shi, har ma waɗanda ba masu bi ba su shaide shi da kirki. Wannan na ƙarshen yana ba ni mamaki kullum, wato maƙwabcin da bai taɓa taka ƙofar coci ba yana da ta cewa a kan fastonka. Babu murya a jerin, babu kwat, babu yawan mabiya a Facebook.

Na taɓa zama a wani taron farkawa, mai wa'azin ya yi magana a kan tawali'u har mutane suna share hawaye, ni ma jikina ya yi sanyi. Aka tashi, na bi ta bayan bagade zan fita, sai na tarar da shi ya tsare yaron da ke kula da makirufo yana zazzaga masa masifa don abin ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, yana nuna shi da yatsa har yana taɓa masa goshi, matarsa na tsaye a gefe ta sunkuyar da kai kamar wadda ta saba gani. Fuskar matar nan ta fi wa'azin zama a raina, shekara nawa yanzu.

Masu cewa karatu ba komai ba ne suna son kawo Ayyukan Manzanni 4:13, wai Bitrus da Yohanna marasa ilimi ne. To a ƙarasa ayar mana, an gane sun zauna tare da Yesu, wajen shekara 3 suna binsa dare da rana, wace makaranta ce ta kai wannan? Bulus kuma a gaban Gamaliyel, babban malamin Attaura, ya yi karatu. Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin Ingila, bai shiga kwalejin tauhidi ba, yana ɗan shekara 19 aka kira shi ya zama faston wata ikilisiya a Landan a 1854, amma mutum ne mayen karatu, daga baya ma shi da kansa ya buɗe kwalejin horar da fastoci. Rashin takarda daban, lalaci daban.

Wanda ya fi burge ni Afolos ne, a Ayyukan Manzanni 18. Gwanin magana, masanin Nassi, amma baftismar Yohanna kaɗai ya sani, sai Akila da matarsa, masu ɗinkin tanti fa, suka ja shi gefe suka gyara masa, ya kuma karɓa. A nan nake auna mai wa'azi: wa ya isa ya ce masa ka yi kuskure? Yau kana tambaya sai a jefo maka Zabura 105:15, kada ku taɓa shafaffuna, alhali in ka karanta zaburar daga sama a kan su Ibrahim da Ishaku da Yakubu take magana lokacin da suke yawo a ƙasashen sarakuna, ba ta hana dattawa su tambayi inda baiko ya shiga ba. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, mutanen Biriya kuma yabo suka samu da suka riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ke faɗa haka yake.

Al'ajibai kuwa, ban ce babu ba, na gaskata Allah yana warkarwa. Amma Yesu da bakinsa a Matiyu 7 ya ce wasu za su zo ranar ƙarshe suna cewa mun yi annabci, mun fitar da aljanu da sunanka, ya ce bai taɓa saninsu ba. Wani mai wa'azi Jim Jones ma da taron warkarwa ya tara jama'a a Amurka, ƙarshenta a 1978 mutum sama da 900 suka mutu a Guyana a kan umarninsa.

Batun kuɗi tsoho ne. Akwai wani rubutun ikilisiyar farko mai suna Didake da ya ce baƙon manzo ya kwana ɗaya ko biyu, in ya kai uku ko ya roƙi kuɗi to annabin ƙarya ne. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, Nassi ya faɗa, a biya fasto da kyau iyalinsa su ci su sha, amma in kowane wa'azi ko daga Farawa aka ɗauko ko daga Ru'ya ta Yohanna sai ya ɓulle a lambar akawun, ni kam a ranar nake ɗaukar Baibul ɗina in nemi wani wurin sujada.